Haɗin Auta

Litinin, da yamma

Dakta, shugabanmu, ya manna takardar sakamakon Auta a allon ɗakin gwaji. Da hannunsa ya manna, har da danna fil a kowace kusurwa. Shekara da shekaru ina ɗakin nan ban taɓa ganin ya manna takardar kowa ba, in ban da jadawalin hutu.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta sauka. Kamfaninmu rufin wayar lantarki yake yi. Roba iri biyu muke haɗawa, mai tauri da mai laushi, don wayar ta lanƙwasu kuma kada mai ya ci ta. Mai taurin ba ta son zafi, ga shi sai an narka ta kafin a rufe waya da ita. Da ta ji wuta sai ta fara sakin hayaƙin asid, ta yi rawaya, ta yi ruwan ƙasa, ta ƙone. Shi ya sa muke zuba mata abin da muke kira maganin zafi. Tun zuwana na dalma muke zubawa, bai taɓa ba mu kunya ba. Yanzu manyan masu sayen wayarmu sun ce dalma guba ce, in ba mu canza kafin ƙarshen wata mai kamawa ba za su koma wani wajen. Dakta ya ce ni da Auta kowa ta fito da nata haɗin, a gwada, a ɗauki wanda ya fi. Shi kuma ƙarshen shekara zai yi ritaya. Ba wanda ya haɗa maganganun biyu a baki, amma kowa ya haɗa a zuci.

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya ta. Ni na kai takardunta ofishin ɗaukar ma'aikata. Ni na koya mata riƙe hantsaki ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Na taya ta murna. Na ce, "Ya yi kyau."

Talata, da safe

Na riga kowa zuwa, na tsaya gaban allon ni kaɗai.

Na'urarmu ba ta san babba ko ƙarami ba. A yanko roba kamar ƙwayar shinkafa, a ɗora a ɗan kasko da bai kai farce ba, a rufe. Wuta tana ƙaruwa a hankali, sikeli yana auna nauyi, kwamfuta tana jan layi. Muddin robar tana jurewa, layin a miƙe yake. Inda ta fara sakin asid, nauyi ya ragu, layin ya sunkuya. Wadda nata ya fi daɗewa a miƙe ita ta ci. Nawa ya sunkuya, nata yana ta tafiya abinsa, tsakaninmu kusan digiri goma sha biyar. A aikinmu wannan ba tazara ba ce, tsere ne aka gama.

Kayan haɗinmu kusan ɗaya ne, kalsiyam da zinki. Bambancin wani farin gari ne mai kama da alli da ta ƙara, wai yana shanye asid ɗin kafin ya yi ɓarna. Ta tambaye ni a kansa kwanaki, muna cikin mota. Na ce zai sa waya ta yi kaushi, kada ta ɓata lokacinta. Ta ce, "To, Yaya." Ashe to ɗin nan ba na yarda ba ne.

Laraba, bayan an tashi aiki

Auta ta biyo ni gida gaishe da Mama, da ledar lemu a hannu. Mama a wajena take tun rasuwar Baba. Ni nake ba ta magani, ni nake shafa mata man gwiwa, ni nake kai ta asibiti in zauna a benci har ƙafata ta mutu. Da ni ba ta wuce "an dawo?" Auta na shigowa ta miƙe zaune, tsohuwar da ta ce da safe bayanta ba ya miƙuwa.

"Autata, an ce kin ƙirƙiro wani abu."

"Ba ƙirƙira ba ce, Mama, haɗawa kawai na yi. Yaya ce ma ta koya min."

"Ai kanki tun kina ƙarama daban ne."

Ina tsaye da kofin ruwa da ƙwayar hawan jini a tafin hannuna. Lemun ma tsami gare shi. Mama ta sha biyu.

Alhamis, da rana

Masu aikin inji a ƙasan bene suna ce min Babbar Malama, Auta kuma Ƙaramar Malama. Yau Dogo, mai kula da babban injin, ya leƙo da tambaya a kan zafin narki. Ya gaishe ni da ladabi, ya wuce teburina ya tafi nata.

Juma'a, da yamma

Ba komai. Kaina ke ciwo.

Laraba, da la'asar

Ba zan rubuta abin da aka yi a taron yau ba.

Tambaya kawai na yi. Aikina ne in yi tambaya. In ba a son tambaya me ya sa aka kira ni?

Auta ta hau motar haya. Na jira ta a bakin ƙofa har mai gadi ya leƙo ya ce, "Malama, ai ta fita ta ƙofar baya."

Alhamis, da safe

Kowane ɗan koyo ya san wannan: in ka gaggauta wutar na'ura, layi yana jinkirin sunkuyawa, don robar ba ta samun sukunin nuna halinta. Mai son sakamakonsa ya yi kyau sai ya ninka gudun wutar, layi ya yi nisa, a tafa masa. Na tambaya ne da wane gudu ta ƙara wutar. Shi ke nan.

Ta ce, "Irin naki, Yaya, digiri goma a minti. Ga shi a saman takardar."

Na ce ai tsohuwar na'ura ce, mu muke buga wannan da hannu, kowa yana iya buga abin da ya ga dama.

Manaja ya ajiye bironsa. Ban san zai ɗauki maganar haka ba. Mutum ne da bai san kasko ba bai san sikeli ba, abin da ya sani kawai masu saye suna jira, kuma idan aka kai musu sakamakon ƙarya kamfani ya mutu.

Alhamis ɗin dai, da yamma

An cire takardar daga allo. Fil ɗin suna nan. An hana Auta taɓa na'ura har sai an maimaita gwajin, an tura ta ƙasa wajen duba launin waya, aikin da ake ba sabon ɗauka.

Dakta ya kira ni ofishinsa. Ya daɗe yana goge tabarau.

"Malama, mu biyu ne za mu iya maimaitawa, ni kuma idona ya tafi. Ke kika tayar da maganar, ke za ki rufe ta."

"Yallaɓai, ba za a ce na yi son kai ba?"

"Ta wane ɓangaren?"

Ya buɗe durowa ya miƙo min samfurinta a leda, da sa hannunsa a jiki. Ya ce, "Hannunki bai taɓa yi min ƙarya ba." Hannuna ya ce. Na lura.

Asabar, da hantsi

Mama ta tambayi Auta. Na ce aiki ya yi mata yawa. Ta ce, "Ku riƙa sauƙaƙa wa yarinyar nan." Yarinya. Ta kusa talatin.

Litinin, da azahar

Na yanka samfurin Auta da kaina, na auna, na rufe, na sa wuta digiri goma a minti. Na zauna ina kallon layin yana rarrafe. Da ya iso inda nawa ya sunkuya na ji ina cewa a raina, to bismillah, sauka. Bai sauka ba. Ya wuce kamar bai san wurin ba. Da aka gama na ɗora sabon a kan tsohon nata, sai suka zama layi ɗaya.

Wataƙila gefen da na yanko ne ya fi samun garin.

Talata, da azahar

Na yanko daga tsakiya. Haka.

Na sauka ƙasa neman Dogo a kan wani abu, na hango Auta a ƙarshen ɗakin, zaune a kan kujerar ƙarfe da katin launuka, tana kara shi da waya ja. Wasu ma'aikata biyu suna magana, da suka gan ni suka yi shiru. Ban san wadda suke yi da ita ba cikinmu. Ta ɗago, ta ce, "Ina wuni, Yaya." Na ce lafiya lau. Ta rame ko hasken wurin ne.

Laraba, da safe

Akwai abin da na'ura ba ta nunawa sosai. Zinki munafuki ne. Yana riƙe roba fara tas, ka yi ta yabonsa, sai lokaci guda ya juya ya mayar da ita gawayi, ba rawaya ba ruwan ƙasa. Mu a nan ƙunar zinki muke ce masa. Ana gane shi ne a tanda: a jera 'yan sillayen roba, a tsayar da zafi wuri ɗaya, a riƙa zaro ɗaya-ɗaya ana jerawa a kwali.

Ba a ce in yi wannan ba. Amma mai aikin kirki ba ta tsayawa a abin da aka ce. Na jera nata, na jera nawa a gefe don kwatance.

Laraba, da la'asar

Akwai ƙunar zinki.

A nawa.

Nata ya bi a hankali, fari, ruwan madara, rawaya mai haske, kamar mai tsufa da mutunci. Nawa yana fari yana fari, na zaro na gaba sai ga shi baƙi ƙirin, yana karyewa a hantsaki. Da an kai haɗina babban inji, wuta ta ɗauke na ɗan lokaci robar tana ciki, da sai an kwance injin gaba ɗaya an kankare.

Na sa kwalin a ƙasan durowa. Na wanke hannuna, na sake wankewa, warin asid ɗin yana nan.

Alhamis, kafin a tashi

Dakta ya leƙo. Na ce tukunyar gas ɗin na'ura ta yi ƙasa, sai an kawo wata. Ba ƙarya ba ne, ta yi ƙasa.

Ya dubi agogon tukunyar, ya dube ni, ya ce Allah ya kawo ta lafiya.

Juma'a, da yamma

Baban yara ya same ni a kicin ina yanka albasa. Ya san rabin maganar, rabin da na gaya masa.

"Kin gama gwajin ƙanwar taki?"

"Ina kai."

"Me ya fito?"

"Na ce ina kai."

Ya jingina da firji. Direban babbar mota ne a da kafin ya koma ofis, bai san komai a kan roba ba, amma ni ya san ni.

"Da ya fito yadda kike so, da tun a waya na ji."

Na ce shi ma ɓangarenta yake, kowa ɓangarenta yake, har uwar da ta haife ni. Na ce tun tana zanen goyo in ta yi kuka ni ake tambaya me na yi mata. Na ce ni na bar karatun digiri na biyu a tsakiya lokacin jinyar Baba, ita ta ƙarasa nata, yanzu an zo ana cewa kanta daban ne. Na ce abubuwa da yawa. Ya bari na gama.

"Duk gaskiya ne," in ji shi. "Amma yarinyar tana can a kujerar ƙarfe ana kallonta da sunan maƙaryaciya."

Na ce kada ya ƙara ce mata yarinya.

Lahadi, da rana

Auta ta zo wajen Mama lokacin da ta san ina kasuwa. Na gane ne da na ga sabon man gwiwa a kan tebur. Irin wanda nake saya ne, amma Mama ta ce wannan ya fi shiga jiki.

Litinin, da safe

Manaja ya aiko a tambaya. Masu saye sun bugo. An ce idan ba sakamako zuwa Laraba, za a ɗauki haɗina tunda shi ba a yi shakkarsa ba, ita kuma a san yadda za a yi da ita.

Ga shi an miƙo min har hannu. Ba sai na yi ƙarya ba. Shiru kawai zan yi zuwa Laraba.

Na buɗe durowa na dubi kwalin. Na tuna Dogo da mutanensa, yadda za su kwana uku suna kankare gawayi daga cikin inji, da wayar da za ta shiga bangon gidan wani. Ina so in rubuta cewa Auta na fara tunawa. Injin na fara tunawa.

Talata, da hantsi

Na kai. Layukan duka, da kwalin tanda, nata da nawa a jere. Dakta ya kusanto da kwalin har hancinsa, ya bi baƙin sillen da yatsa.

"Wannan na wa ne?"

"Nawa."

"Ban ce ki yi gwajin tanda ba."

"Na sani, yallaɓai."

Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni abin da na je nema a tandar ba, na gode masa a raina, na kuma ji haushinsa. Ina bakin ƙofa ya ce, "Kin gaya mata?"

Na ce ai zai fi kyau ta ji daga ofis.

Alhamis, da yamma

An gwada haɗin Auta a babban inji. Tana tsaye kusa da Dogo da farar riga da hular kwano, tana ba da umarni a hankali, a ɗan ƙara zafi a nan, a rage gudu a can. Wayar ta fito fara, sumul, ba kaushi ko kaɗan. Na shafa da kaina. Na sake shafawa. Manaja ya yi ta girgiza kai yana murmushi kamar shi ya haɗa. Mutumin da ya tura ta duba launi.

Ta iya. Wallahi ta iya. Ko tsayuwarta a gaban injin ba irin tawa ba ce, ni kullum kamar ina jiran a kama ni da laifi nake, ita kamar wurin nata ne. Ban san inda ta samo wannan ba. Gida ɗaya muka tashi.

Da aka watse na matsa kusa da ita. Na shirya magana tun a mota. Abin da ya fito shi ne, "Sakamakonki ya fito daidai."

Ta ce, "Na sani, Yaya."

Litinin, da azahar

Auta ta ajiye aiki. A bakin mai shara na ji.

Litinin, da yamma

Na same ta tana kwashe durowarta cikin kwali. Kofin shayinta, tabaran kariya, cajar waya. Na rufe ƙofa.

"Wace irin wauta ce wannan? An wanke ki. Kujerar Dakta taki ce, kowa ya sani."

"Wani kamfanin bututu ya daɗe yana nemana. A da na ƙi saboda Mama. Satin da nake ƙasa na amsa musu."

"Saboda tambaya ɗaya?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min.

"Yaya, da cewa kika yi na yi kuskure, da na gode miki, kin saba gyara min. Cewa kika yi na buga abin da na ga dama. A gaban Manaja. Kuma Dakta ya nuna min takardunki, na ga ranakun. Tun Litinin ɗin farko kika sani."

Na ce ina so in tabbatar ne.

"Kullum sai na ji takunki a matakala in ce yau Yaya za ta sauko ta gaya min. Sau ɗaya kika sauko, Dogo kika zo nema."

Na ce in don kujerar ce ni ba na so, ta zauna.

"Idan na zauna, kullum sai kin kawo min takarda in sa hannu. Ba za ki iya ba, ni ma ba zan iya ba." Ta ɗauki kwalin. "Maganin Mama na safe an canza shi, rabi ne yanzu. Ta ce ba ta gaya miki ba don kada ki yi faɗa."

Na riƙe mata ƙofa. Abin da na iya ke nan.

Alhamis, da rana

Dakta ya ce sunana zai bayar in gaji kujerarsa. Ya faɗa yana kallon taga. Na ce na gode.

An kawo buhunan farin garin, an jibge a sito. Ni zan rubuta wa Dogo ma'auni, ni zan gwada kowane kaso kafin ya fita. A takardar aiki lamba aka ba haɗin, amma a ƙasa ba mai kiransa da lamba. Dogo ya hawo ɗazu ya ce, "Babbar Malama, na Ƙaramar Malama za mu zuba gobe ma?" Na ce shi za a riƙa zubawa daga yau.

Asabar, bayan la'asar

Auta ta tafi jiya, garin da nisa, sai an wuni a mota. Baban yara ne ya kai ta tasha. Ya ce ta ce a gaishe ni.

Ɗazu wayar Mama ta yi ƙara. Ina falo ina ninke kayan yara, ina jin su ta bango. Mama tana tambayar ɗakin, ko akwai ruwa, ko maƙwabtan na kirki ne, tana dariya irin wadda ba ta yi da ni. Na bar ninkin na zuba mata shayi, ko da yake ba lokacinsa ba ne, na je na tsaya a bakin ƙofa da kofin.

Mama ta ɗago ta gan ni. Ta ce a wayar, "Ga Yayarki nan tsaye." Ta saurara. Na ajiye kofin don hannuna ya zama ba komai, ko za a miƙo min wayar.

"To," in ji Mama. "To, Allah ya yi miki albarka." Ta kashe, ta ajiye wayar a gefen filo. "Ta ce wai cajinta ya kusa ƙarewa."

Ta ɗauki shayin ta kurɓa, ta ce sukari ya yi kaɗan. Na koma kicin na ɗauko.